Idan Mai Saye Ya Fasa: Yadda Mai Lasisin Ma'adinai Zai Tsare Haƙƙinsa

(Kiɗan buɗe shiri)

  Yau kan ma'adinai za mu tattauna, ta ɓangaren ciniki da takardu. Mutum ne yake da izinin haƙar ma'adini a wani wuri. Mai kuɗi ya zo ya taya, aka daidaita, ya sallama, aka yi musabaha, har an fara yi masa barka a gari. Wata ɗaya ya wuce, na biyu ya biyo baya, sai mai saye ya daina ɗaga waya. Daga baya saƙo ya iso cewa kamfani ya sake shawara. To me ya rage a hannun mai sayarwa? Kuma me ya kamata ya yi tun ranar farko, don kada wannan fasawa ta durƙusar da shi?

Ƙasar da aka fi sanin wannan matsala ita ce Amurka, domin can doka ta yarda mutum ya mallaki abin da ke ƙarƙashin filinsa, har ya sayar da shi daban ya riƙe saman. A jihohi irin su Teksas da Oklahoma, iyali kan gaji haƙƙin man fetur da gas daga kakanni, kamfanoni kuma su yi ta aiko musu da wasiƙun tayi. Yawancin masu sayen sukan nemi kwana 30 zuwa 60 don binciken takardu. Wasu kuma ba cek suke bayarwa ba, wata takardar umarnin biya ce ta banki mai kama da cek, wadda ba ta zama kuɗi sai kamfanin ya amince a biya. Mai haƙƙi ya riga ya sa hannu a takardar mallaka ya aika, su kuwa suna da damar ƙin biya. Cikin masu sayen ma akwai waɗanda ba su da kuɗin tun asali. Cinikin suke ɗaurewa, su yi amfani da wa'adin su nemi wanda za su sayar wa da riba, in ba su samu ba su janye. Da zarar kasuwa ta girgiza kuma, kamar a ranar 20 ga Afrilun 2020 da farashin gangar ɗanyen man Amurka ya faɗi ƙasa da sifili a kasuwar cinikin gaba, sai ka ga masu tayi sun watse lokaci guda. Shi ya sa lauyoyin can suke nanata wa mutane cewa kada takardar mallaka ta bar hannunsu sai kuɗi ya tabbata.

A Najeriya tsarin daban ne, kuma wajibi ne mu fahimci wannan kafin mu ci gaba. Sashe na 44, ƙaramin sashe na 3, na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya damƙa duk ma'adinan ƙasar nan a hannun Gwamnatin Tarayya, Dokar Ma'adinai ta 2007 kuma ta jaddada haka. A Jamhuriyar Nijar ma ma'adinai na ƙasa ne. Saboda haka idan wani ya ce ka sayar masa da zinaren da ke ƙarƙashin gonarka, abin da ba naka ba yake tayawa. Abin da ake iya mallaka a kuma sayar shi ne lasisi, wanda Ofishin Rajistar Lasisin Ma'adinai da ke Abuja, wato Kadasta, yake bayarwa. Akwai lasisin bincike na shekara 3, wanda ake iya sabuntawa sau biyu, shekara bibbiyu, jimla shekara 7 ke nan. Akwai na ƙananan masu haƙa, na shekara 5, wanda faɗin filinsa ba ya wuce murabba'in kilomita 3. Akwai babban lasisin haƙa na shekara 25, akwai kuma na fasa dutse. Duk waɗannan ana iya mayar da su sunan wani, amma sai da amincewar Ministan Ma'adinai da kuma rajista a Kadasta. Izinin share fage na shekara ɗaya kuwa ba a sayar da shi sam.

Ku lura da wannan gaɓa, don a nan matsalar take kwance. Tunda sai gwamnati ta amince, ba zai yiwu a gama cinikin lasisi a zama ɗaya ba. Tsakanin ranar da aka sallama da ranar da suna ya sauya akwai tazara, sau da yawa ta watanni. A cikin wannan tazara ne mai saye yake samun damar juya baya, mai sayarwa kuma yana ɗaure.

Mu ɗauki misali. Ƙungiyar haɗin gwiwa ce ta masu haƙa a wani ƙauye a jihar Nasarawa, suna da ƙaramin lasisi a wurin da aka ga alamar litiyam. Dillali ya kawo baƙi cikin mota mai buɗaɗɗen baya. Suka sauka da wata na'ura ta hannu suna ɗora ta a kan duwatsu, suka cika ƙananan buhuna da samfuri suna rubuta lamba a jikin kowanne, ɗaya daga cikinsu yana ɗaukar alƙaluman iyakokin filin da wayarsa. Da yamma aka zauna a zauren shugaban ƙungiya aka sha shayi, aka fito da takarda mai shafi biyu da Turanci, aka ce ai ta fahimtar juna ce kawai. Shugaba ya sa hannu. Suka ce a ba su ainihin takardar lasisin za su nuna wa manyansu, ya ɗauko ta daga cikin ambulan ɗin da yake ajiye ta a ƙasan akwati ya miƙa. A shafi na biyu kuwa akwai layin da ya hana ƙungiyar tattaunawa da kowane mai saye na tsawon wata shida, babu ko layi ɗaya da ya ɗora wa baƙin wani nauyi idan suka fasa.

Irin wannan fasawa ba kullum take zama damfara ba. Farashin litiyam a kasuwar duniya ya kai ƙololuwa a ƙarshen 2022, sannan ya zube da kusan kashi 80 cikin 100 a cikin 2023. Kamfanin da ya yi tayi lokacin tsada, in ba abin da ya ɗaure shi, zai duba lissafinsa ya ja da baya. Wani kuma sakamakon gwaji ne bai yi masa daɗi ba, wani masu zuba masa jari ne suka janye, wani matsalar tsaro ce. A Zamfara an dakatar da haƙar ma'adinai gaba ɗaya a Afrilun 2019, ba a ɗage takunkumin ba sai a Disambar 2024. Duk cinikin da ya faɗo cikin wannan tsakani, sai abin da takardarsa ta tanada.

Wani zai ce, to ai lasisinsa na nan, me ya yi hasara? Ya yi hasara mai yawa. Lasisi yana da kuɗin hidima da ake biya duk shekara, ko ana aiki ko ba a yi. Mutane da dama sukan daina biya da zarar an yi ciniki, su ce ai sabon mai shi zai biya. A Nuwamban 2023 Ministan Ma'adinai, Dele Alake, ya sanar da soke lasisi 1,633 saboda rashin biyan wannan kuɗi, bayan an ba da wa'adin kwana 30. A Afrilun 2024 aka sake soke 924 saboda an bar su ba a aiki da su. Ga shekarun lasisin bincike suna ta ƙarewa. Ga sirrin filin, wato sakamakon gwaji da taswira, ya tafi hannun wani. Abin da ya fi ciwo kuma shi ne sauran masu sayen da aka kora. Lamarin ya yi kama da manemin da ya kai kuɗin na-gani-ina-so, ya sa aka sallami sauran manema, sannan aka neme shi aka rasa. In wani ya zo daga baya, tambayar farko da zai yi ita ce me waɗancan suka gani da ya sa suka fasa, daga nan kuma ya karya farashi.

To ina mafita? A ganina tana cikin abu guda: a rubuta yadda za a rabu tun kafin a haɗu, kuma a sa wa jiran mai sayarwa farashi.

Farko ka san da wa kake ciniki. Ka sa lauya ya bincika kamfanin a Hukumar Rajistar Kamfanoni ta CAC, a ga ko yana raye, su wane ne daraktocinsa, kuma wanda zai sa hannu yana da hurumin yin haka. Ka tambaya kai tsaye: ku ne masu saye, ko wani za ku nemo? Ka nemi shaidar banki cewa kuɗin yana nan. Mai saye na gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya. Kuma lauyan ya zama naka, wanda kai ka ɗauka. Lauyan mai saye haƙƙin mai saye yake karewa, komai kirkinsa.

Takardar fahimtar juna kuwa, a mafi yawan lokuta kotu ba ta ɗaukar ta a matsayin cikakkiyar yarjejeniyar ciniki, musamman idan an rubuta a ciki cewa sai an ƙulla wata yarjejeniya nan gaba. Amma sharuɗɗan da suka ɗaure ka a cikinta, kamar hana ka magana da wasu, suna iya aiki a kanka. Kada ka sa hannu a abin da ba a fassara maka shi layi-layi ba.

Yanzu mu zo kan kafin alƙalami, inda nake so mu ɗan daɗe. A dokar kwangila da kotunanmu suke bi, akwai bambanci tsakanin kuɗin da aka ajiye a matsayin jinginar cika alkawari da kuɗin da aka biya a matsayin wani ɓangare na farashi. Na farko, idan mai saye ya fasa ba da hujja ba, galibi ya zama na mai sayarwa. Na biyu kuwa galibi mayar da shi ake yi, sai dai mai sayarwa ya nemi diyyar hasararsa daban. Mutane da yawa sun karɓi kuɗi suna zaton nasu ne, suka kashe, sai ga sammaci a mayar. Don haka takarda ta fayyace wane iri ne, nawa ne, kuma a wane hali ake mayarwa, a wane hali ba a mayarwa. Kada kuma a rubuta tarar da ta wuce hankali, domin kotu tana iya ƙin aiwatar da adadin da ya zama horo maimakon kimanta hasara ta gaskiya.

Na san akwai masu sauraro da zuciyarsu ta riga ta tafi ga hukuncin shari'a, kuma suna da gaskiya. A mazhabar Malikiyya, wadda yawancinmu muke bi, ba a yarda mai sayarwa ya cinye kafin alƙalami don kawai mai saye ya fasa ba, Imam Malik ya kawo batun a Muwaɗɗa. Mazhabar Hambaliyya ta halatta. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na 1993 a Burunai, ta halatta shi da sharaɗin a ƙayyade wa'adin jira. Akwai kuma hanya ta tsakiya da bankunan Musulunci suke bi: a ajiye kuɗin a matsayin amana mai nuna da gaske ake, idan mai saye ya saɓa a cire gwargwadon hasarar da aka yi a zahiri, a mayar masa da saura. Ni wannan hanyar ta fi kwanta mini, don tana kare mai sayarwa ba tare da ya ci abin da zuciyarsa za ta riƙa yi masa tuhuma a kai ba. Sai dai tana bukatar ka riƙa adana rasit na kowane abu: kuɗin hidimar shekara, kuɗin lauya, kuɗin safiyo, kuɗin zirga-zirga zuwa Abuja. Ka zauna da malaminka da lauyanka kafin a rubuta wannan sashe, ba bayan rigima ta tashi ba.

Sauran kuɗin fa? Mai saye yana tsoron ya biya Minista ya ƙi amincewa, kai kuma kana tsoron a sauya suna ba a biya ka ba. Dukkanku kuna da hujja. Maganin shi ne a zuba cikakken kuɗin a asusun amana, a banki ko a hannun lauyoyin ɓangarorin biyu, da umarni a rubuce: ranar da Kadasta ta yi rajistar sauyin, a sakar wa mai sayarwa, idan gwamnati ta ƙi, a mayar wa mai saye. Sai kuɗin ya shiga wannan asusu sannan ka sa hannu a takardar neman sauya suna. Hoton alat a waya ba shaida ba ne, cek ma ba kuɗi ba ne sai ya fashe. Ka tabbatar daga bankin da kanka.

A sa ranaku. Kwana kaza na bincike, rana kaza ta biya, kuma a rubuta cewa idan ranar ta wuce yarjejeniya ta warware da kanta, kana da 'yancin sayar wa wani ba tare da neman izinin kowa ba. Idan suna son ƙarin lokaci, su biya kuɗin ƙarin. A rubuta wanda zai ɗauki nauyin kuɗin hidima a lokacin jira. A taƙaita dalilan da za su iya fasawa a kansu, a ambace su ɗaya bayan ɗaya. Jimlar da ke cewa mai saye zai iya janyewa idan bai gamsu ba, ƙofa ce a buɗe da zai fita ta cikinta duk ranar da ya so.

Akwai abubuwan da ba a miƙawa kafin biya ko da wasa: ainihin takardar lasisi, takardar wakilci da ke ba wani ikon sa hannu a madadinka, lambar sirrin shiga shafinka na Kadasta a intanet, da fom ɗin sauya hannun jari da aka sa wa hannu ba a cike ba. Na ƙarshen nan ya fi haɗari, domin sau da yawa ba lasisin ake saye kai tsaye ba, kamfanin da ke riƙe da shi ake saye. Mutum yana iya wayar gari ya tarar ba ya cikin daraktocin kamfaninsa. A ba su kwafi, ya wadatar wa mai bincike.

Kada kuma ka bari a shigo da manyan injina da sunan gwaji. Ɗaukar samfuri daban, lodin tirela daban. Idan suka kwashi abin da suka kwasa suka tafi, sunanka ne a lasisin. Kai gwamnati za ta tambaya kuɗin fito na ma'adinin da aka ɗiba, kai za a nema kan ramukan da aka bari a buɗe, kai mutanen gari za su tsare kan gonakin da aka lalata. A rubuta iyakar samfurin da za a ɗauka, a rubuta cewa za a ba ka kwafin duk sakamakon gwaji, kuma ba za su bayyana shi ga wani ba.

Ga manoma da masu unguwanni da dagatai, ku ma abin ya shafe ku. Ma'adinin ba naku ba ne, amma mai neman lasisi yana bukatar takardar amincewar mai fili, kuma doka ta ba ku haƙƙin kuɗin hayar fili da diyyar amfanin gona da gine-gine, ta kuma wajabta wa mai haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma kafin ya fara aiki. Takardar amincewar nan ba a janye ta cikin sauƙi, kuma Kadasta wanda ya riga zuwa take ba wa wuri. Idan kuka sa wa wani hannu a kan alkawarin baka, ya karɓi lasisi ya tafi neman wanda zai sayar wa, filinku ya ɗauru a sunansa, wani kamfanin kirki ba zai samu shiga ba. Kada a sa hannu sai an rubuta abin da za a ba ku da lokacin da za a bayar, a gaban shaidu.

Adalci kuma ya sa in faɗi wannan: wani lokaci laifin mai sayarwa ne. Lasisi ya ƙare ba a sabunta ba, ko ana bin sa bashin kuɗin hidima, ko ba a kai rahotannin aiki ba, ko akwai rigimar iyaka da aka ɓoye. A nan mai saye yana da hujjar fasawa, kuma kuɗinsa za a mayar masa. Ka gyara takardunka tun kafin ka kai su kasuwa.

To idan abin ya riga ya faru fa? Kada ka taɓa kafin alƙalamin tukuna. Ka tattara duk abin da ke hannunka, yarjejeniya, rasit, saƙonnin WhatsApp, sunayen shaidu. Lauyanka ya rubuta musu wasiƙa, ya ba su wa'adi na ƙarshe, ya bayyana cewa in ya wuce ciniki ya warware. Kada ka sayar wa wani kafin wannan mataki, don kada kai ka koma wanda ya saɓa alkawari. Idan an riga an shigar da buƙatar sauya suna, a rubuta wa Kadasta a janye ta. Idan ka ba da takardar wakilci, a soke ta a rubuce a sanar da duk wanda ya kamata. Ka karɓo ainihin takardunka, ka sauya lambar sirri, ka ci gaba da biyan kuɗin hidima a kan lokaci. Da zarar ka kuɓuta ka nemi wani mai saye, domin kotu tana duba ko ka yi ƙoƙarin rage hasararka, kuma bambancin farashin farko da na biyu shi ne ginshiƙin diyyar da za ka nema.

Ina roƙonku da babbar murya, kada a kai maganar ofishin 'yan sanda don a matsa wa mutum ya biya. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, kuma wanda ya sa aka tsare wani a kan haka yana iya ƙarewa da biyan diyya. Idan akwai zamba ta gaskiya, kamar takardun bogi ko sa hannun jabu, wannan laifi ne, a kai ƙara. Kada kuma a tara matasa a tsare injinan kamfani.

Shari'a a kotu tana cin shekaru, lasisi kuma ba ya jira. Shi ya sa ya fi kyau tun a yarjejeniya a rubuta cewa za a fara da sulhu ko a je gaban mai sasantawa, a kuma ambaci garin da za a zauna, kada a wayi gari an ce sai ka je wata ƙasa. Dokar Sasanci da Sulhu ta 2023 ta ƙarfafa wannan hanya, kuma akwai cibiyoyin sulhu da ke ƙarƙashin manyan kotuna a Kano da Abuja. Sau da yawa abin da ya fi amfani shi ne a zauna a warware cinikin da yardar juna, wanda shari'ar Musulunci ma ta kwaɗaitar a kai: su ɗauki nauyin abin da ka kashe, su dawo da takardu da sakamakon gwaji, su rubuta cewa ba su da sauran wani haƙƙi a kan lasisin. Wannan takardar sakin ita ce abin da mai saye na gaba zai fara nema a wurinka.

Saura maganar dillali. A rubuta tun farko cewa la'adarsa tana fita ne ranar da kuɗi ya shiga hannunka, ba ranar da aka yi musabaha ba. In ƙungiya ce kuma, kada shugabanni su raba wa mambobi ko sisi daga kafin alƙalami sai ciniki ya kammala, domin tattaro kuɗin da ya shiga gidaje hamsin ba ƙaramin aiki ba ne.

A nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

(Kiɗan rufe shiri)